Wuƙar Ludayi da Akushin Hajja Falmata

Makon jiya wani saurayi ya tsaya a bakin rumfar nan, ya daɗe yana kallona ina rarake akushi, sannan ya ce wa abokinsa, "Wannan ai ba wani aiki ba ne. Ka sami wuƙa mai kaifi kawai ka yi ta ƙwaƙula." Na ci gaba da aikina. Amma ku da kuka zo kuka zauna da niyyar koyo, gara in gaya muku tun yanzu: kaifi shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa a wuƙar raraka. Kaifi kowa zai iya kawo shi da dutsen washi da ɗan ruwa. Abin da ba ya gyaruwa bayan ka baro maƙera shi ne lanƙwasar bakinta. Na san wannan tun ina ɗan koyo, kuma da sanin nawa na aikata abin da zan ba ku labari.

Sunana Isa, kuma ban gaji sassaƙa ba. Ubana masunci ne a Gashua. Ni ma su na tashi ina yi, har na wuce shekara ashirin, sai ƙirjina ya daina jure sanyin ruwa. Aka kai ni wajen Baba Gana, wani Bamange, cikin Barebari, mai rumfa a gefen kasuwar Gashua, wanda akushinsa ya yi suna har Machina. Mutum ne marar yawan magana. Idan ka yi daidai ba zai ce komai ba. Idan ka yi kuskure sai ya karɓi aikin, ya juya shi a hannu, ya miƙo maka, ya bar ka ka gano da kanka.

Shekara guda cur ban taɓa cikin akushi ba. Gatari da gizago kawai, ina fitar da siffar waje, shi yana yin ciki. Aikin farko da ya bar ni na rarake shi ne ludayin itace, na wata mai koko da ke ƙorafin na duma suna fashe mata. A ranar ne ya kwance jakar fatar da yake ajiye wuƙaƙensa. Guda uku ne. Ɗaya bakinta a naɗe kamar ƙugiya, ta ludayi da koshiya ke nan. Ɗaya tsaka-tsaki, ta ƙananan akusa. Ta ukun kuwa bakinta a buɗe, lanƙwasarta kaɗan ce, idan ba ka lura ba sai ka ce miƙaƙƙiya ce. Ita ce ta manyan akusa.

Ya ɗora mai ƙugiyar a tafin hannuna ya ce, "Ina take taɓa ka?"

Na ce, "Wuri ɗaya, ɗan ƙarami."

Ya ɗauke ta ya ɗora mai buɗaɗɗen bakin. "Wannan fa?"

"Ta kwanta a tafin gaba ɗaya."

Ya ce, "To, haka itace ma yake ji."

Darasin ke nan. Wuƙa mai naɗaɗɗen baki, idan ka sa ta a wuri mai faɗi, rami take bari a bayanta. Ka bi gefen ramin don ka daidaita, ka sake yin wani. Kana bin wannan kana bin wancan, gindin aikin yana ta sirancewa ba ka sani ba. Shi ya sa Baba Gana ba ya zuwa maƙera hannu rabbana. Sai ya sami tsinken kaba, ya lanƙwasa shi daidai da cikin akushin da yake nufin yi, ya ɗaure da zare, ya kai wa maƙeri ya ce a bi wannan. Bayan lanƙwasa sai a duba ta hannun dama ce ko ta bahago, don ba bakinsu ɗaya ba. Sannan a ƙwanƙwasa ƙarfen a ji amonsa, a gwada shi a ƙahon saniya, a ga ko zai lanƙwashe ko zai ɓalle. Ƙota kuwa ta aduwa, doguwa, yadda za ta jingina da damtsenka, don ba da wuyan hannu ake raraka ba.

Shekarata bakwai a wurinsa kafin ya sallame ni na taso nan Nguru na kafa rumfa. Da farko abin ya karɓe ni. Fulani na saye, 'yan Machina na sara su haye da shi iyaka, masu amalanke na kawo mini itacen danya da ƙirya har bakin rumfa. Na fara jin cewa hannuna ya kai na Baba Gana, wataƙila ma ya ɗara, tunda nasa ya soma rawa saboda tsufa.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi. Makiyaya suka yi kudu tun kafin lokaci. Wanda ba shi da abin zubawa a akushi ba ya sayen akushi, mai ɗan hali kuma sai ya ɗauki roba ko silba. Na koma yin ƙotar fartanya da muciya, su ma sai su yi mako a jingine. A cikin wannan halin ne babbar wuƙata ta ci karo da ƙulli a wani icce, bakinta ya tsage har tsakiya. Na jefa ta cikin buhu. Na ce a raina, wa zai nemi babban akushi bana?

Saura kwana tara babbar Sallah, da hantsi, amalanken shanu ya tsaya a gaban rumfata. A kai akwai gungumen danya wanda ban taɓa ganin mai kaurinsa ba a ƙasar nan. Wata dattijuwa ta biyo bayansa, tana gyara lafayarta. Hajja Falmata ce, mai sayar da bandar kifi a cikin kasuwa. Na san ta da gani, amma ciniki bai taɓa haɗa mu ba.

Ta gaishe ni irin ta Barebari, ta ce, "Wushe da aiki. Kai ne Isa na Baba Gana?"

Na ce ni ne, na shimfiɗa mata tabarma.

Ta ce ta fara zuwa Gashua, domin duk akusan gidan ubanta Baba Gana ne ya sassaƙa. Shi ya ce mata hannunsa ba zai iya babban aiki yanzu ba, ta kawo mini, hannuna nasa ne. Sannan ta gaya mini asalin gungumen. Ƙauyensu yana can bayan Yusufari. Rairayi ya yi ta cin gonaki da gidaje har mutanen suka watse, wasu Gashua, wasu Nguru, wasu Nijar. Wannan danyar a tsakar gidan ubanta take, ita ce bishiya ta ƙarshe da ta rage a tsaye, bana ta faɗi. Ta sa an tono gindin daga cikin yashi an kawo.

Ta ce, "'Yan'uwana maza huɗu ne suka rage. Bana duk a gidana za su yi Sallah. Ina so su ci a akushi ɗaya, na iccen gidanmu. Babba nake so, ɗana, wanda mutum shida za su zagaye. Za ka iya kafin Sallah?"

Na ce mata kwana biyar ma ya isa.

Da ta tafi na nufi maƙera wajen Malam Audu, wanda shi yake ƙera wa Baba Gana wuƙaƙe tun kafin in san sana'ar. Da ƙarfen sifirin mota yake aiki, kuma ba a garin nan kaɗai ba, ban ga wanda ya kai shi iya ba ƙarfe ruwa ya yi ƙwari ba. Ban tafi da tsinken kaba ba. Na ce ina son wuƙar raraka yau-yau.

Ya ce, "Me za ka rarake?"

Na buɗe hannuwana na nuna masa faɗin akushin.

Ya ce, "Wannan sai mai buɗaɗɗen baki. Ba ni da ita a ƙasa. Ka ba ni kwana huɗu, don layya ce a gabanmu, kowa wuƙar yanka yake jira."

Kwana huɗu cikin tara. Da na jira, da na gama a kan kari, ko da ranar jajibere ne. Amma na riga na ce mata biyar. Idona ya faɗa kan wata sabuwar wuƙa a kan buzunsa, bakinta naɗaɗɗe, tana ƙyalli. Na ɗauka na gwada a farcena, ta aske shi kamar sabulu.

Malam Audu ya ce, "Isa, wannan ta ludayi ce."

Na ce, "Hannu ne yake aiki, ba wuƙa ba."

Ya ce, "Gindin zai ba ka wahala. Ka haƙura da kwana huɗun."

Akwai mutane uku zaune suna jiran wuƙaƙensu. A gabansu na ce wa dattijon da ya girme ni da shekara talatin, "Malam Audu, kai ne masassaƙin ko ni?" Ya karɓi wuƙar. Ya naɗe mini ita a takarda.

Kwana biyun farko aikin ya tafi yadda ake so. Na fitar da waje da gizago, na sare tsakiyar ciki, siffa ta fito, faɗinta ya kusa kamu biyu. Iccen yana da kyau, ja-ja a tsakiya, ba ƙulli ko ɗaya. Bangon ma na lallaɓa shi da wuƙar ludayin, ko da yake ramuka na biyo ni ina gogewa. A rana ta huɗu na sauka gindi. A gindin akushi ne jijiyar itace take juyawa, wuƙa takan so ta nutse. An koya mini in riƙa tsayawa ina sa yatsa ɗaya ciki ɗaya waje ina jin kauri, in ƙwanƙwasa in saurara. Na yi hakan sau biyu, sai na ga yana cin lokaci. Na ga wani rami, na bi shi, ya haifar da wani, na bi wannan. Da la'asar na ja wuƙar, sai na ji ta tafi ba nauyi. Na ɗaga akushin, na hango ƙasar rumfata ta cikinsa. Huda ce kamar faɗin babban yatsa, gefenta kuma sirara kamar ɓawon ƙwai.

Gidan Hajja Falmata bai fi tafiyar minti goma daga rumfata ba. Ban je ba. Na tattara garin iccen, na saya ƙaro a wajen masu awo, na jiƙa, na kwaɓa su tare, na cike hudar ciki da waje. Da ya bushe na goge, na ƙona akushin duka da jan ƙarfe har ya yi baƙi wuluk, na shafe shi da man shanu. Ni kaina sai na laluba kafin in gane wurin. Kowa a ƙasar nan ya san ƙaro yana narkewa a ruwa, balle ni. Na dai gaya wa kaina cewa man zai tare.

Ta zo ta karɓa a rana ta shida. Ta shafa bakinsa da tafin hannu, ta sunkuya ta shaƙi ƙamshinsa, ta sa mini albarka da Barbarci da Hausa. Ita da kanta ta ɗora shi a ka, ta hana mai kura ya ɗauka.

Kwana uku bayan Sallah, da safe, ina share rumfa, sai na ga Keke Napep ya tsaya. Baba Gana ya sauko da ƙyar, direban ya miƙo masa wani abu ƙunshe a zane. Rabonsa da Nguru ya fi shekara huɗu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zauna, ya kwance zanen, ya kife akushin a gabana. Hudar tana nan a buɗe, ta ma ƙara faɗi.

Ya ce Hajja ce ta kai masa har Gashua jiya. Ranar Sallah ta tuƙa burabusko, ta kwarara miyar kifi da zafinta, aka ajiye wa 'yan'uwanta. Suna cikin ci miya ta fara bin tabarma, ta jiƙa babbar rigar yayansu. Da suka kai gindi, ƙaninta ya ɗebo loma da baƙin abu mai danƙo a ciki. Ta ce wa Baba Gana ba ƙara ta kawo ba, tana so ne ta ji ko haka danya take yi idan ta tsufa.

Ya ce, "Na ce mata zan tambayo. Ina wuƙar da ka yi aikin da ita?"

Na ɗauko. Tun kafin ya karɓa na ce, "Baba, laifin ƙarfen ne. Malam Audu bai ba shi ruwa daidai ba, yana ƙwacewa a hannu. Shi ya nutse."

Ya juya wuƙar a hannunsa ya ce, "To, mu je wajen Audu."

Na so ƙasa ta tsage a hanyar nan. Muka same shi yana bakin zuga-zugi. Suka gaisa irin ta tsofaffin abokai, suka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan Baba Gana ya miƙa masa wuƙar ya ce, "Isa ya ce ruwan wannan bai yi ba, ta ɓata masa aiki."

Malam Audu ya dubi wuƙar, ya dube ni. Akwai mutane a maƙerar, har da ɗaya daga cikin waɗanda suke nan ranar da na gaya masa magana. Ya ce, "Zai yiwu. A gaggauce na yi aikin makon Sallah. A yi haƙuri, zan sake masa wata."

Baba Gana ya karɓi wuƙar. Ya duba ƙasa, ya tsinci wani guntun icce cikin na ƙota, ya zauna a kan dutse, ya matse shi da gwiwa. Da hannun nan nasa mai rawa ya shiga raraka. Muka zuba masa ido. Ɓawon iccen yana fita a naɗe, santsi kamar an shafa mai. Kafin a sha ruwa ya fitar da cikin ludayi, ya busa, ya miƙa wa Malam Audu.

Ya ce, "Audu, wuƙar ludayi ce mai kyau. Ban taɓa riƙe wadda ta fi ta ba."

Na tsuguna a gaban Malam Audu, a gaban mutanen, na faɗi yadda aka yi, daga gargaɗin da ya yi mini har zuwa ƙaron. Ya ce, "Tashi, tashi, ya wuce." Baba Gana ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce shi zai koma tasha. Na ce in raka shi. Ya ce, "Ba ni ne mai icce ba."

Na ɗauki akushin na tafi gidan Hajja Falmata. Na yi sallama, aka ce in shigo zaure. Ta fito ta zauna a bakin ƙofa. Na gaya mata ba halin danya ba ne, ni na huda, ni na toshe da ƙaro, na rufe da baƙi don kada ta gani. Na ce zan nemo wata danyar ko daga ina ne in yi mata sabo.

Ta ce, "Wata danyar ta gidan wa?"

Na ajiye akushin a gabanta.

Ta ce, "Ɗana, hannu yakan kuskure. Ni ma kifi yakan ƙone mini a banda. Da ka zo ka ce, Hajja, na huda, da na karɓi abina na zuba dabino a ciki, 'yan'uwana su ci su shafa iccen gidansu. Amma ka bar ni na ɗora shi a kaina na ratsa kasuwa, ka bar ni na sa maka albarka, kana kallona."

Na ce, "Haka aka yi, Hajja."

Ta juya akushin ta dubi hudar, sannan ta ce, "Yana gyaruwa? Gyaran gaskiya nake nufi."

Na ce yana gyaruwa. Ana yanke wurin da ya sirance, a daidaita bakin hudar ta tsuke ta ƙasa, a fere busasshiyar aduwa daidai da ita a buga. Idan ta sha ruwa sai ta kumbura ta ƙara kamawa. Na ce idan na gama zan ƙona wurin, ba wanda zai gane.

Ta ce, "A'a. Ka gyara, amma kada ka baƙanta shi. Ka bar shi da launinsa."

Kwana huɗun da na ƙi jira, na jira su. Na lanƙwasa tsinken kaba a cikin akushin na kai wa Malam Audu, ya ƙera mini mai buɗaɗɗen baki. Da ita na share ramukan da na bari a bango, ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa ina sa yatsa. Toshin ya ci mini kwana biyu, don sau uku ina ferewa ina yarwa. Na cika akushin da ruwan zafi a gabanta, muka zauna har ya huce, ko ɗigo bai fita ba. Ga baƙin akushi, ga farar aduwa a tsakiyar gindinsa kamar faɗin bakin kofin shayi.

Labarin ya zaga kasuwa, ba daga bakinta ba, daga maƙera. Kusan shekara biyu ba wanda ya kawo mini babban aiki. Ludayi da muciya na yi ta yi. Baba Gana bai sake turo mini kowa ba har ya rasu, ko da yake duk sanda na je gaishe shi yakan karɓe ni, ya tambayi iyali.

Hajja Falmata ta rasu shekara shida da suka wuce. Babban ɗanta ne yake riƙe da gidan, kuma tun tana raye ta kafa cewa duk babbar Sallah a aiko a kira ni cin abinci. Ban taɓa ƙin zuwa ba, ban kuma taɓa tafiya da sauri ba. Mukan zagaye akushin mu shida ko bakwai. Bara akwai wani baƙo daga Machina a cikinmu. Da abinci ya yi ƙasa, farin wurin ya bayyana, ya taɓa shi da yatsa ya ce, "Kai, wannan ado ne? Wa ya yi aikin nan?"

Ɗan Hajja ya dube ni. Sauran ma suka dube ni.

Na ce, "Ba ado ba ne. Huda ce. Ni na yi ta."